Buster Keaton da kamfanin da ba nasa ba

A shekarar 1927, a bakin kogin Sacramento da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, masu shirya wani fim suka kafa fuskar gidan bene ta katako mai nauyin kusan tan biyu, suka yi mata maɗauri a gindi yadda za ta iya kifowa gaba ɗayanta. Can sama akwai taga guda a buɗe. Aka auna ƙasa, aka kafa ƙusa a daidai inda tagar za ta sauka. Wani gajeren mutum mai suna Buster Keaton ya zo ya tsaya a kan ƙusar nan, ya ba gidan baya, aka fara murza kyamara, aka saki bango. Bangon ya rufto, mutumin ya zurma ta tagar, tsakanin kafaɗarsa da katako bai wuce inci biyu ko uku ba. Da ƙura ta lafa yana nan tsaye. Babu kwamfuta a zamanin, babu wanda ya tsaya a madadinsa, kuma da ya goce da taku ɗaya da sai dai a kwashi gawa.

Fim ɗin, Steamboat Bill, Jr., ya fito a 1928, Keaton yana da shekara 32. Shi ne na ƙarshe da ya yi da cikakken ikon kansa. Shekara biyar bayan nan an kore shi daga aiki, aurensa ya mutu, an raba shi da 'ya'yansa, giya ta ci ƙarfinsa.

Mu a nan idan aka ambaci fim marar magana, Charlie Chaplin ne ke faɗo mana a rai, da sandarsa da ɗan gashin bakinsa. Keaton kuwa, wanda masana fim da yawa ke ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da Chaplin, wasu ma su ɗora shi sama, sai ka tambayi mutum goma ba ka samu wanda ya taɓa jin sunansa ba. Bayanin da aka saba bayarwa mai sauƙi ne: wai sauti ya shigo fim a 1927, sai taurarin da ba su iya magana ba suka dushe. Wannan ya faru da wasu, musamman waɗanda suka zo daga Turai Turancinsu bai nuna ba. Amma ga Keaton bayanin bai zauna ba. Muryarsa mai kauri ce, ta saba da dandamali tun yana yaro. Shi da kansa ya nemi a yi fim ɗinsa na 1929 da sauti, kamfanin ya ƙi. Sannan finafinan magana da ya fito a cikinsu daga 1930 zuwa 1933 sun kawo kuɗi, wasunsu ma sun fi na zamanin shirunsa ciniki. To me ya kayar da shi? A ganina amsar tana cikin takardun kwantiragi, kuma sai an san irin sana'ar da mutumin ya iya kafin a gane abin da takardun suka raba shi da shi.

An haife shi ranar 4 ga Oktoba 1895 a wani ƙauye mai suna Piqua a jihar Kansas, iyayensa Joe da Myra suna kan hanya, domin 'yan wasan yawo ne da ke bin gari gari. Tun bai kai shekara shida ba aka sa shi cikin wasan. Wasan kuwa shi ne uba yana horon ɗa marar jin magana: Joe ya ɗauki yaron ya jefar, ya share dandamali da shi kamar tsintsiya, wani lokaci ya wurga shi har cikin ramin makaɗa. An ɗinka mariƙin akwati a bayan rigar yaron don uban ya samu abin kamawa. Ƙungiyar kare yara daga zalunci ta New York ta sha kai ƙarar iyayen, aka sha tuɓe yaron a gaban hukuma ana neman tabo ba a samu ba. Har ya tsufa Keaton yana cewa ba a cuce shi ba, an dai koya masa yadda ake faɗuwa ne ba tare da an ji ciwo ba. Na yarda ya iya faɗuwa. Amma yaron da ake jifa da shi kullum don gida ya ci abinci, wanda kusan bai taɓa zama a aji ba, an karɓe masa wani abu ko da bai ji zafinsa ba, kuma rashin karatun nan zai zo ya same shi a gaba, ranar da aka ajiye masa takarda aka miƙa masa alƙalami.

A dandamalin ne ya gano abin da ya zama tambarinsa. Ya lura idan aka jefar da shi ya tashi yana dariya, 'yan kallo ba sa dariya sosai. Idan ya tashi fuska a ɗaure kamar ba a yi komai ba, sai gidan ya ɗauka. Daga nan ya daina murmushi a gaban jama'a.

Uban ya faɗa shaye-shaye, kuma jifa da mutum a hannun mashayi ganganci ne. A farkon 1917 wasan ya watse, Keaton ya tafi New York, ya samu gurbi a wani babban wasan dandamali a kan dala 250 a mako. Kafin a fara sai aka kai shi ya ga inda Roscoe Arbuckle, wani ƙaton ɗan barkwanci da ke tashe, yake ɗaukar fim. A ranar aka sa shi a ciki, Arbuckle ya maka masa buhun fulawa a fuska, ƙafafunsa suka yi sama. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne akwatin kyamarar. Ya roƙa aka ba shi aro, ya kai masauki ya kwance ta ya ga cikinta, ya mayar ya ɗaure. Ya ajiye aikin dala 250 ya karɓi na dala 40. Wannan zaɓi ya nuna mutumin gaba da baya: kuɗi ba su dame shi ba, yadda abu ke aiki shi ne damuwarsa. Halin da ya sa ya zama gwani shi ne kuma ya bar shi a buɗe ga masu lissafi.

Ya yi gajerun finafinai 14 da Arbuckle, in ban da tsaikon da ya samu a 1918 lokacin da aka kai shi Faransa aikin soja, inda ciwon kunne ya rage masa ji har ƙarshen rayuwarsa. A 1920 furodusa Joseph Schenck ya buɗe masa wurin aiki nasa a Hollywood. Daga nan zuwa 1928 ya yi gajerun finafinai 19 da dogaye 10, kuma a kan waɗannan shekaru takwas sunansa ya tsaya.

Yadda suke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan komai yake. Ba su da rubutaccen labari. Keaton da marubutan barkwancinsa, irin su Clyde Bruckman da Jean Havez, sukan zauna su samo farkon labari da ƙarshensa, tsakiya kuwa sai an je wurin ɗauka an ga abin da ke akwai. Ma'aikatan duka 'yan albashi ne na shekara, saboda haka idan dabara ta ƙi zuwa ba wanda ke duba agogo: sai a ajiye kyamara a buga ƙwallon gora, idan wani ya tuno da abu a tsakiyar wasa a koma aiki. Yana da mai gini, Fred Gabourie, wanda idan aka ce masa ana son gida mai juyawa ko jirgin ruwa mai nutsewa zai ƙera. Yana da mai kyamara, Elgin Lessley, wanda hannunsa ke murza kyamara daidai wa daida kamar inji. A wani gajeren fim na 1921 an ga Keaton tara a jere a kan dandamali ɗaya suna rawa tare. Yadda aka yi shi ne, aka rufe idon kyamara aka bar tsaga ɗaya, aka ɗauki Keaton na farko, aka mayar da zaren fim baya, aka buɗe tsaga ta biyu, haka har tara. Kuskure ɗaya a na takwas ya ɓata duka, a koma farko.

Ƙa'idarsa ita ce kyamara ta tsaya nesa, ta ɗauki mutum daga kai har ƙafa, kuma kada a yanke hoto a tsakiyar abin mamaki. Dalilinsa a fili yake: da zarar an yanke, mai kallo ya san an yi masa dabo. Idan aka bar hoton ya tafi a miƙe, ido ya shaida cewa mutumin nan da gaske ya yi tsallen, kuma dariyar da ke fitowa tana gauraye da faɗuwar gaba. Rubutun da ake sakawa tsakanin hotuna don bayyana magana ma ya tsane shi. Ya ce finafinan zamanin sukan sa kusan 240, shi kuwa bai taɓa wuce 56 ba. Abin da jiki zai iya faɗa, ba ya barin alƙalami ya faɗa. Hatta malafarsa mai faɗin kai shi yake haɗa abarsa: ya sayi hula mai tsada, ya yanke ta ya naɗe, ya jiƙa bakinta da ruwan sukari don ya sandare.

Wannan ƙa'ida jikinsa ne ya biya kuɗinta. A Sherlock Jr. na 1924 yana gudu a saman taragon jirgin ƙasa, jirgin ya ƙare a ƙarƙashinsa, ya kama bututun tankin ruwa, ruwan ya ɓarke ya maka shi a kan ƙarfen dogo. Ya tashi ya ci gaba da gudu, hoton yana nan a fim ɗin. Ya yi ta fama da ciwon kai na kwanaki ya koma aiki. Sai bayan shekaru wani likita ya ɗauki hoton ƙashinsa ya tambaye shi yaushe ya karya wuya. Duk wanda ya taso yana kallon Jackie Chan ya ga jikan wannan sana'a, domin Chan bai ɓoye ba cewa daga Keaton da Chaplin da Harold Lloyd, wani ɗan barkwancin zamaninsu, ya ɗauko darasi.

Akwai kuma abin da ke bayan fuskar nan da ba ta motsi. Chaplin yana neman tausayinka, yana kallonka ta cikin kyamara. Keaton ba ruwansa da kai. Mutumin da yake fitowa a matsayinsa yana da aiki a gabansa, gida zai haɗa, ko jirgi zai tuƙa, ko yarinya zai ceto, duniya kuma da injinanta da iskarta da ruwanta sun taru sun hana shi. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, idanunsa kawai ke aiki suna auna abin da zai yi na gaba. Ni wannan ne ya sa finafinansa ba su tsufa ba.

Yanzu ga maganar kuɗi. Kamfanin da ke yin waɗannan finafinai sunansa Buster Keaton Productions, amma Keaton ba shi da hannun jari a ciki. Ma'aikaci ne, yana karɓar dala 1,000 a mako da farko, da kashi 25 cikin 100 na riba. Masu kamfanin su ne Schenck da abokan kasuwancinsa. Kuma Schenck ba baƙo ba ne: a 1921 Keaton ya auri Natalie Talmadge, ƙanwar Norma Talmadge matar Schenck. Maigidansa mijin yayar matarsa ne, saboda haka bai ga dalilin tsayawa ciniki ba. Ya bar masa lissafi, shi ya riƙe kyamara.

A kwatanta da abokan zamaninsa biyu. Chaplin ya gina wurin aikinsa da kuɗinsa, a 1919 ya haɗu da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists don su riƙa rarraba finafinansu da kansu, kuma ya riƙe mallakar abin da ya yi. Lloyd ma ya kafa kamfaninsa ya riƙe finafinansa. Dukansu biyu sun mutu da arziki. Muddin finafinan Keaton suna kawo riba, bambancin bai fito ba, domin Schenck ya sakar masa mara. The Navigator na 1924, wanda aka ɗauka a cikin wani tsohon jirgin ruwa na gaske, ya yi ciniki sosai. Bambancin ya jira ranar da riba za ta yi ƙasa.

Ranar ta zo da The General. An gina shi a kan abin da ya faru a Afrilun 1862 lokacin yaƙin basasar Amurka, sa'ad da wasu mutanen rundunar Arewa suka sace kan jirgin ƙasa a jihar Jojiya, ma'aikacin jirgin ya bi su. Keaton ya kwashi ma'aikatansa zuwa Cottage Grove a jihar Oregon a 1926, ya samo tsofaffin kawunan jirgi masu cin itace, ya ɗauki sojojin jihar kusan 500 suna sa kakin wannan runduna su wuce, su sake kaki su dawo a matsayin waccan. A ƙarshe ya gina gada a kan kogi, ya cinna mata wuta, ya tura kan jirgi na gaske ya hau ta, gadar ta karye jirgin ya faɗa ruwa. Wannan hoto guda ya ci dala 42,000, kuma ana ɗaukarsa mafi tsada a duk zamanin fim marar magana. Ƙarafan suna nan cikin kogin har yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka kwashe su don narkarwa.

Yau ana sa fim ɗin cikin mafiya kyau da aka taɓa yi, kuma yana cikin 25 na farko da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya zaɓa don adanawa a 1989. A lokacinsa kuwa masu sharhi sun kushe shi, wasu suka ce babu abin dariya a wurin da ake nuna sojoji suna mutuwa, kuma bai mayar da abin da aka sa rai ba.

Akwai abin da ba zan tsallake ba game da wannan fim. Littafin da aka ɗauko labarin daga ciki wani daga mutanen Arewa ne ya rubuta shi, amma Keaton ya juya labarin ya mai da jarumin ɗan Kudu, don yana ganin 'yan kallo ba za su yarda a nuna Kudu a matsayin mugaye ba. Kudun nan kuwa ta ɗauki makami ne don ta ci gaba da riƙe baƙaƙen fata kusan miliyan huɗu a cikin bauta, kuma fim ɗin bai ce uffan a kan haka ba. A wasu finafinansa ma akwai inda ya shafa baƙi a fuska don a yi dariya. Cewa haka zamanin yake gaskiya ne, amma ba ya wanke shi. Ina kallon gwanintar ina jinjina mata, wannan tabon kuma ina ganinsa.

Finafinai biyu da suka biyo baya su ma ba su yi abin kirki a kasuwa ba. Schenck, wanda a lokacin ya zama shugaban United Artists, ya yanke shawarar rufe wurin. Ya ce wa Keaton ya koma MGM, babban kamfanin shirya fim da ke ƙarƙashin kamfanin Loew's, wanda ɗan'uwansa Nicholas Schenck ke shugabanta. Albashi dala 3,000 a mako. Chaplin ya gargaɗe shi, Lloyd ya gargaɗe shi, ya sa hannu. Daga baya ya ce wannan ne kuskure mafi girma a rayuwarsa. Sai dai a yi masa adalci: me zai yi in ya ƙi? Ba shi da wurin aiki, ba shi da mallakar fim ko ɗaya da zai jinginar, ga katafaren gida a Beverly Hills da ke cin kuɗi. Kuskuren ya riga ya faru tun 1920, na 1928 sakamako ne.

MGM masana'anta ce mai fitar da kusan fim guda kowane mako, kuma tsarinta, wanda Irving Thalberg, mai kula da shirya finafinanta, ya kafa, ya dogara ne da sanin komai kafin a fara. Sai an rubuta labari an amince da shi, an ƙiyasta kuɗi, an yanke kwanaki. Ga yawancin finafinai wannan tsari yana aiki, kuma ba mugunta ce ta haife shi ba. Amma ga mutumin da tsakiyar labarinsa sai a wurin ɗauka take samuwa, tsarin ya zama ƙangi. Aka rarraba ma'aikatansa cikin sassan kamfani, aka ɗauke Gabourie aka ba shi aikin gine-ginen kamfanin gaba ɗaya. Aka ce tauraro dukiyar kamfani ce, ba za a bari ya karye ba, saboda haka wani zai riƙa yi masa faɗuwa. Keaton ya ce masu faɗuwa a madadin wani ba sa ba da dariya, kuma ya yi gaskiya, domin yadda yake faɗuwa shi ne wasan. Abin ya zama kamar a ɗauko maƙeri a raba shi da zugazuginsa da uwar maƙerarsa da yaransa, a zaunar da shi a ofis, sannan a ce ina garma.

Fim ɗinsa na farko a can, The Cameraman na 1928, ya yi kyau ƙwarai, saboda ya samu ya lallashi Thalberg aka bar shi ya kauce wa rubutun a wurare da dama. Kamfanin ya ɗauki nasarar a matsayin shaidar cewa tsarinsa na aiki, ya ƙara ɗaure igiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A nan ne sauti ya shigo, kuma rawar da ya taka ta bayan gida ce. Na'urorin farko suna ɗaukar kowace ƙara, har ta kyamara, don haka aka kulle kyamara cikin wani ɗan ɗaki mai taga, aka ɓoye makirfo a wuri ɗaya, 'yan wasa suka taru kusa da shi suna magana. Fita waje a bi jirgin ƙasa da gudu ya zama wahala. Barkwanci ya koma na baki, wanda marubuta ke rubutawa a ofis. Kayan sauti kuma suna da tsada, abin da ya ƙara wa manyan kamfanoni da bankunan da ke bayansu ƙarfi a kan ƙananan masu shirya fim. Keaton yana da ra'ayinsa a kan yadda za a yi: a yi magana inda take da amfani, a yi shiru inda jiki zai yi aiki. Ba wanda ya saurare shi. Aka riƙa sa shi ya maimaita wasu finafinan da Sifaniyanci ko Faransanci ko Jamusanci, yana haddace kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Aka haɗa shi da Jimmy Durante, ɗan barkwanci mai surutu kamar ya ari baki, shi kuma aka mai da shi dolo. Mutumin da a da yake fitowa mai dabara, wanda ke cin nasara da naci, ya koma wawan da ake yi wa dariya.

Babbar shaida ita ce Chaplin. A 1931, shekara huɗu bayan zuwan sauti, ya fitar da City Lights babu magana, ya ci riba. A 1936 ya sake yin Modern Times kusan haka. Ba wanda ya isa ya hana shi, don kuɗinsa ne, wurinsa ne. Zamani ɗaya, fasaha ɗaya, kasuwa ɗaya, ɗaya ya zaɓi lokacin da zai buɗe baki, ɗaya aka zaɓar masa har abin da zai faɗa.

Ba zan ɗora wa kamfani komai ba. Keaton ya sha giya kamar yadda ubansa ya sha, ya riƙa ƙin zuwa aiki, ya yi neman mata a waje alhali aurensa na tangal-tangal. Wanne ya haifi wanne, baƙin cikin aiki ko kwalba, abu ne da ya cuɗe. A 1932 Natalie ta rabu da shi, ta tafi da 'ya'yansu maza biyu, ta sauya musu suna zuwa na gidansu, ya yi shekaru bai gan su ba. A farkon 1933 Louis B. Mayer, shugaban MGM, ya kore shi. A 1934 ya bayyana a kotu cewa ya karye. A 1935 aka kwantar da shi a asibiti saboda giya.

Yawancin masu ba da labarinsa a nan suke sauke murya, kamar sauran shekaru 30 ɗin zaman makoki ne. Ni ban gan su haka ba. Mutumin bai daina aiki ba. Ya yi gajerun finafinai masu araha a ƙananan kamfanoni. Ya koma MGM ɗin da ta kore shi, yana ƙirƙira wa wasu 'yan wasa irin su Red Skelton dabarun ban dariya a kan ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na albashinsa na da ba, kuma waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida ba ya ƙorafi. A 1940 ya auri Eleanor Norris, 'yar rawa da ya girma da shekara 23, wadda ta tsaya masa ya rage sha, suka zauna tare har mutuwa. Daga 1947 ya riƙa zuwa Faris yana wasa a dandalin Medrano, inda Faransawa suka karɓe shi da girmamawar da gida ta manta. A 1949 marubuci James Agee ya yi dogon sharhi a mujallar Life a kan 'yan barkwancin zamanin shiru, ya tuna wa Amurkawa da shi. Talabijin ta zo, ya shige ta ba tare da girman kai ba, har talla yana yi. A 1952 ya fito tare da Chaplin a Limelight, karo ɗaya tak da suka haɗu a dogon fim.

Finafinan kansu da ƙyar suka tsira. Zaren fim na wancan zamani yana ruɓewa, yana kuma kama wuta, kuma kamfanoni ba su ga amfanin ajiye abin da ba ya magana ba. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa magana na ƙasar sun ɓace ɗungurungum. Chaplin da Lloyd sun adana nasu a rumbunansu. Na Keaton sa'a ce ta cece su: ɗan wasan Ingila James Mason, wanda ya sayi tsohon gidansa, ya tarar da gwangwanayen fim a wani ɗaki, sannan wani mai tara finafinai, Raymond Rohauer, ya bi sauran ƙasa ƙasa ya tattaro, ya sake fitar da su a gidajen silima na Turai da Amurka. A 1960 aka ba Keaton lambar girmamawa ta Oscar.

A kakar 1964, yana cika shekara 69, hukumar fim ta Kanada ta ɗauke shi wani gajeren fim marar magana, The Railrodder, inda zai ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma a kan ɗan keken ma'aikatan dogo. Ma'aikata kaɗan ne, babu ofis a kansu, ana tafiya ana ƙirƙira. Wasu suna biye suna ɗaukar yadda aikin ke gudana, don haka muna iya ganin abin da ya faru da aka iso wata doguwar gada. Keaton ya tsara cewa zai buɗe ƙatuwar taswira, iska ta naɗe shi da ita, ya haye gadar ba ya ganin gabansa. Matashin darakta, Gerald Potterton, ya ce akwai haɗari, a sauya. Tsohon ya ɓata rai, ya tsaya kai da fata cewa shi ya san abin da ke da haɗari kuma wannan ba ya ciki. Aka yi yadda ya ce, ya haye a naɗe cikin takarda.

A Satumban 1965 ya je bikin finafinai na Venice a Italiya, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa na tsawon mintuna. Ciwon daji ya riga ya kama huhunsa. Ya mutu a gidansa da ke Woodland Hills ranar 1 ga Fabrairu 1966, yana da shekara 70.